Tagullar Binin Ta Dawo, Littafin Bashin Kakanka Fa?

A watan Yunin 2025 abubuwa biyu suka faru, tsakaninsu kwanaki kaɗan. Na farko, ƙasar Holan ta dawo wa Najeriya da kayan tarihi 119 na masarautar Binin, daga cikin dubban da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Aka yi biki a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, jaridu suka cika da hotuna, kuma biki ne da ya cancanta. Kafin nan, a 2022, Jamus ta sa hannu a kan mallaka wa Najeriya sama da guda 1,100 da ke gidajen tarihinta. Na biyu, ranar 28 ga wannan wata Allah Ya yi wa Alhaji Aminu Alhassan Dantata rasuwa yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka binne. Masu ta'aziyya sun yi maganar kyautarsa da masallatai da makarantun da ya gina, Allah Ya jiƙansa. Amma mutum ne da ya yi sama da shekara saba'in a cikin kasuwanci, a gidan da ya fara fatauci tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Irin wannan gida, takardunsa kaɗai tarihin tattalin arzikin Arewa ne na ƙarni guda. Mu kuwa a al'adarmu, in attajiri ya rasu ana tambayar gidaje nawa ya bari, ba a tambayar littattafan ciniki nawa ya bari.

Gidan Dantata babban gida ne, yana da akawu da lauya da ofis, zai iya kula da kayansa. Damuwata tana kan ƙananan gidaje, irin waɗanda ke Auyo da Hadejia da Malam Madori da Kafin Hausa: gidan wanda ya yi shekara arba'in yana kai bandar kifi Kano, gidan tsohon mai sikelin gyaɗa, gidan dillalin shanu ko na fatu, gidan fatoman da fatake ke sauka a zaurensa. Ra'ayina shi ne, in za a ƙara wani abu a gidajen tarihinmu na Arewa a wannan zamani, to takardun waɗannan gidaje su ne kan gaba, sun fi takobi da sulke gaggawa. Takobi zai jira mu shekara ɗari. Takarda a bakin kogin Hadejia ba ta da wannan haƙurin.

Shiga Gidan Makama a Kano ka duba. Za ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan kiɗan fada, da hotunan sarakuna a jere. Ba ni da ƙorafi a kan ko ɗaya daga ciki. Sai dai wanda ya gama zagayawa ya fito zai iya ɗauka cewa sarauta da yaƙi ne suka gina Kano, alhali kowa ya san kasuwar Kurmi ce ta riƙe ta. Haka tarihin Hadejia yake a bakinmu. Yaro ɗan sakandare zai kawo maka Sarki Sambo, ya kawo Sarki Buhari da Gamon Kafur da rasuwarsa a Gwaram a 1863, ya kawo Sarki Muhammadu Mai Shahada da abin da ya faru a watan Afrilun 1906. Tambaye shi nawa ake sayar da mudun gero a kasuwar Hadejia a shekarar da aka ba da mulkin kai, ko su wane ne suka fara kai kifin wannan kogi kudu, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Abin da Bature Fremantle ya tattara ya buga a 1911, da littafin Victor Low na 1972 a kan Gombe da Katagum da Hadejia, duk a kan gadon sarauta suka fi tsayawa, domin abin da maroƙa da fadawa suka haddace ke nan.

To ina labarin kasuwa yake? Yana wuri biyu, kuma duka biyun ba da idonmu aka rubuta shi ba. Akwai ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, inda rahotannin ƙiyasin haraji na jami'an mulkin mallaka suke: gunduma kaza tana da maƙera kaza, masaƙa kaza, shanu kaza. Bayani ne mai amfani, amma bayanin mai karɓar haraji ne, kuma ba mai hankalin da ke faɗa wa mai karɓar haraji gaskiyar abin da ke rumbunsa. Sai kuma takardun kamfanonin Turawa. Kamfanin Unilever yana riƙe da kundin kamfanin UAC a Port Sunlight kusa da Liverpool, a tsare, a lissafe. Ma'ana, mai binciken da ke son sanin yadda cinikin gyaɗa ya gudana a ƙasar Kano zai ji ta bakin wanda ya saya ya fitar waje, dalla-dalla. Ta bakin wanda ya bi ƙauyuka da jakuna ya tara, ya ba manoma kuɗi tun kafin kaka, ya ci riba bana ya karye baɗi, wannan sai dai ƙiris-ƙiris.

Mutanen Auyo ba sa buƙatar a yi musu dogon wa'azi a kan yadda abu ke ɓacewa. Garin yana cikin tsofaffin masarautun wannan yanki, ya girmi daular Usmaniyya nesa ba kusa ba, kuma yana da harshensa, Auyokanci, ɗan'uwan Badanci da Ngizimanci. Yau babu mai jin sa. Lokacin da masanin harsuna Russell Schuh ya zo rubutu a kan harsunan Shira da Teshena da Auyo, 'yan jerin kalmomin da wasu suka taɓa rubutawa ya dogara da su. Ba a yi yaƙi don a kashe harshen ba, ba a kafa doka ba. Tsofaffi ne suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ganin ai akwai sauran masu ji.

Yanzu bari mu buɗe adakar. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gadon tsohon ɗan kasuwa ya san irin ta: akwatin ƙarfe mai kwaɗo, fentinsa ya kore, yana ƙarƙashin gado ko a kusurwar turaka. A sama akwai tsohuwar riga da aka rufe kayan da ita. A ƙasa akwai littafi biyu ko uku masu bangon kwali, shafukan sun yi ja-ja-ja, gefensu asu ya ci. Rubutun ajami ne, wani da tawada wani da biro. Kowane layi suna ne da kaya da kuɗi: wane na gari kaza, kwalin banda biyu, ya ba da kaza, saura kaza. Wanda ya biya an ja masa layi. Wanda bai biya ba yana nan a buɗe har yau, shi da mai bin sa duk suna ƙasa. A tsakanin shafuka akwai rasiɗan haraji da na jangali an ɗinke su da zare, da lasin sayen gyaɗa, da katin jam'iyya, na NPC ko na NEPU, da takardar jinginar gona mai dangwalen yatsa da sunan bulaman da ya shaida, da wasiƙar wani ƙane da ya tafi hajji ta ƙasa ya maƙale a Sudan yana neman a aiko masa da guzuri.

Magada suna kallon wannan su ga tarkace. Mai tarihi kuwa yana ganin abin da ba zai samu a Kaduna ko Ingila ba. Ɗauki kogin Hadejia kansa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, kuma tun daga nan ambaliyar da ke shayar da fadamun Hadejia zuwa Nguru ta sauya hali. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wuraren da ake noman shinkafa da su suka canza, wani wuri ya bushe wani ya zama tafki. Masana sun auna ruwa, sun zana taswira. Amma in kana son sanin abin da wannan ya yi wa tukunyar mutane, littafin mai bandar kifi ne zai faɗa maka: kwali nawa yake ɗaurewa a mako kafin Tiga, nawa bayan ta, daga wane ƙauye kifin ke zuwa, yaushe sunan wani ƙauye ya daina fitowa a shafi, yaushe tarwaɗa ta yi tsada har ya koma karfasa. Ba wanda ya rubuta wannan don tarihi, shi ya sa ba ƙarya a ciki. Mutum yana iya yi wa Bature ƙarya, yana iya yi wa ɗan jarida kuri, amma ba ya yi wa littafin bashinsa ƙarya, don shi zai cutu.

Haka batun gyaɗa. Layin dogo ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa ya isa Nguru a 1930, kuma shi ya mai da Malam Madori tashar ciniki. Daga nan har zuwa farkon shekarun 1970 gyaɗa ce ke ɗaure wa mutane aure, take kai su Makka. Sai farin 1973, sai annobar cutar gyaɗa ta 1975, sai dalar gyaɗa ta zama labari. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Wannan jerin shekaru kowa zai iya karanta shi a littafin makaranta. Abin da ba ya cikin littafin makaranta shi ne yadda gida ɗaya ya tsallake: wa ya koma riɗi, wa ya sayi mota ya shiga sufuri, wa ya sayar da gonarsa, wa ya yafe wa manoma bashin da ya san ba za su iya biya ba. A irin littafin nan za ka ga ranar da fam da sule suka koma naira da kwabo a Janairun 1973, da yadda tsoho ya ci gaba da lissafi da sule shekaru bayan haka don hannunsa ya saba. Za ka ga rasiɗan haraji sun tsaya cak a 1979, shekarar da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Hadejia da Auyo ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991.

Na san abin da wasu za su ce: ai Bahaushen ɗan kasuwa ba ya rubutu, da amana da ƙwaƙwalwa yake ciniki. Akwai gaskiya a ciki, amma an cika ta da yawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma attajiran da suka yi karatun allo sun san da ita. Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi ta ƙasar Gana a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafin koyar da rubuta wasiƙu, kuma ba a wallafa irin wannan sai inda ake aika wasiƙa. Fataken goro da Paul Lovejoy ya yi nazari a kansu, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ayarinsu ba ya tashi ba malami. A garin Gadamas na Libiya kuwa, iyalin Yusha'u sun adana wasiƙun kasuwancin kakanninsu na ƙarni na 19, har wani ɗan gidan, Bashir Ƙasim Yusha'u, ya buga su. A ciki akwai waɗanda aka aiko daga Kano, ana maganar fatu da gashin jimina da hauren giwa da bashi. Wato an yi rubutu a wannan gefe na Sahara, an kuma amsa. Amsoshin da suka iso nan fa? Bambancinmu da Gadamas shi ne su hamada ta busar musu da takarda, iyali kuma suka riƙe. Mu damina da gara da sakaci suka haɗu a kan namu.

Inda masu wannan magana suka yi gaskiya shi ne a kan mata da ƙananan 'yan kasuwa. Uwar adashi da ke riƙe da kuɗin unguwa guda, da mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ke aiken yara talla, da mai saƙar tabarmar kaba, yawancinsu a ka suke riƙe lissafi. Waɗannan ba takarda za a karɓa a wurinsu ba, zama za a yi da su a naɗi muryarsu tun suna raye. Duk wani shiri da ya tsaya a kan takarda kaɗai, tarihin alhazai zai tara, ya bar rabin kasuwa a waje.

Ta yaya takardun ke mutuwa? Hanya ta farko rabon gado. Malam ko alƙali zai zauna a lissafa tarika: gida, gona, shanu, kuɗi, har buta da darduma. Littafin bashi ana buɗe shi sau ɗaya, a duba wa ake bi wa ke bi, daga nan ya gama aiki. Ba a yi masa ƙima, don haka ba ya cikin rabon kowa, abin da ba na kowa ba kuwa ba mai ɗauke shi in ruwa ya zo. Ruwan kuma yana zuwa, shi ne hanya ta biyu. A 2020 da 2022 ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, har mutanen Hadejia suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga. Mai gudun ruwa da dare yara yake ɗauka da hatsi da akuya, kuma daidai ya yi. Ginin ƙasa in ya jiƙa ya zauna, adakar da ke ƙarƙashin gado ta tafi ke nan.

Akwai hanya ta uku, wadda ta fi ba ni tausayi don da kyakkyawar niyya ake yin ta. Jikan da ya yi boko bai iya karanta ajami ba. Ya ga haruffan Larabci, ya ga bisimilla a saman shafi, sai ya ji tsoron kada takardar ta wulaƙanta, ya ƙona ta ko ya binne. Ladabi ne, ba na raina shi. Amma wannan ladabin a wani wuri shi ya ceci tarihi. Yahudawan tsohuwar Alƙahira ba sa yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, sai su zuba ta a wani ɗaki na majami'arsu. Ƙarni bayan ƙarni ɗakin ya cika, har da wasiƙun 'yan kasuwa da takardun aure da na bashi. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kwashe kusan guntaye 190,000 zuwa Kambirij, kuma daga cikinsu ne masana suka gano yadda ciniki ya gudana tsakanin Masar da Tunis da Indiya shekara dubu da suka wuce. Da limamanmu za su riƙa cewa takarda mai sunan Allah a kawo ta ajiya maimakon a ƙona, da an rage asara mai yawa ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Muna da misali a gida na abin da ke faruwa in aka riƙe kayan mutum ɗaya a dunƙule. Malam Umaru Falke ɗan kasuwa ne kuma malamin Tijjaniyya a Kano, ya rasu a 1962. Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, ta hannun John Paden, Ba'amurken da daga baya ya rubuta tarihin Sardauna, ɗakin karatunsa gaba ɗaya ya koma Jami'ar Northwestern kusa da Shikago. Sama da abu 3,000 ne, galibi rubutun hannu, na Larabci da na Hausar ajami: fiƙihu, waƙoƙi, addu'o'i, magunguna. Darajarsa ita ce ba a tsintsinka shi ba. Mutum zai iya ganin abin da falke mai ilimi na wancan zamani ke karantawa, da abin da yake tsoro, da abin da yake nema wurin Allah. Nakan ji ana cewa an kwashe mana. Zafin maganar na gane shi, domin ɗalibin Jami'ar Bayero ba zai hau Adaidaita ya je ya duba ba. Amma a faɗi gaskiya, sa'annin Malam Umaru nawa ne a Kano masu irin wannan ɗakin karatu, kuma ina nasu yake yau? Wanda ya fita shi ne aka lissafa, aka yi masa jadawali, ake iya nuna shi. Wannan ba hujja ce ta a ci gaba da fitarwa ba. Tuhuma ce a kanmu.

To amma kada a ɗauka iyalai wauta ce ke sa su ƙin buɗe adaka. Suna da dalilai, kuma duk jami'in da ya je musu da takardar ofis yana maganar "dukiyar ƙasa" zai dawo hannu rabbana. Littafin bashi cike yake da sunayen mutane, kuma jikokinsu suna gari, wasu yanzu su ne masu kuɗi, wasu surukai ne. Ba mai son a ce a gidansu aka tona cewa kakan wane ya mutu da bashi. Takardar jingina kuwa ta fi haɗari. Tun da aka faɗaɗa aikin noman rani na kwarin Hadejia, wanda Shugaba Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar a farkon 2023, fadama ta ƙara daraja, kuma tsohuwar takarda guda tana iya tayar da shari'ar da ta kwanta shekara hamsin. In aka koma baya sosai akwai maganar bayi, wa ya mallaki wa, wadda ba a so a taɓa. Sannan akwai tsoron da ya fi kowanne sauƙin fahimta: a karɓi kaya da sunan gwamnati, a jibge a wani ɗaki mai yoyo, bayan shekara biyar ka je nema a ce ma'aji ya yi ritaya da makulli. Wanda ya ƙi ba da nasa saboda wannan, ni ban ga laifinsa ba.

Don haka hanyar karɓa ita ce komai. A ganina kada a nemi kyauta, kada kuma a yi saye. Saye na buɗe kasuwa: da zarar an ji ana ba da kuɗi a kan tsohuwar takarda, 'yan kamasho za su shiga gidaje, a yayyaga littafi ɗaya a sayar shafi-shafi, yaro ya saci na ubansa, na jabu su fito. Abin da ya dace da mu shi ne ajiya, wadda shari'a da al'ada duk sun san ta. Kaya na iyali ne, suna nan a nasu. A rubuta yarjejeniya a gaban hakimi ko alƙali, da Hausa, kowa ya riƙe kwafi. Iyali su ke faɗin abin da za a buɗe yanzu da abin da za a rufe, shekara talatin ko hamsin, musamman shafukan da ke ɗauke da sunayen masu bashi da iyakokin gonaki. Gidajen ajiya na duniya duk suna yin haka, ba sabon abu ba ne. Wanda bai yarda takardarsa ta bar gida ba, a je har zaurensa a ɗauki hoton kowane shafi a gabansa, a ba shi akwati mai kyau da kwafi, a bar masa asalin. Kuma a ɗauki komai tare, har abin da ake ganin shirme ne. Rasiɗin kananzir da ke maƙale a tsakiyar littafi wani lokaci shi ke nuna shekarar da aka yi rubutun.

Wa zai yi? Ba sai an jira Abuja ba. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, hankalinta yana kan kayan da ake dawowa da su daga Turai da inda za a ajiye su, kuma aikin ya ishe ta. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, maƙwabciyar Auyo. Ɗaki ɗaya a bene, nesa da ruwa, da kantoci na ƙarfe, da kyamara, da mutum biyu masu karanta ajami, ya isa a fara. Ɗaliban da ake tura wa rubuta kundin kammala digiri suna kwafar juna a kan batutuwan da aka gaji da su, a ba kowane ɗaya gida guda ya jera takardunsa ya zauna da tsofaffin gidan. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, yana da ƙwarewar gyara da lissafa rubutun hannu, za a iya neman horo a can. Kuɗin waje ma akwai: shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya taɓa ɗaukar nauyin ɗaukar hotunan tsofaffin takardu a ma'adanar Kaduna, kuma sharaɗinsa shi ne asalin takarda ba ya barin ƙasarsa. Sai dai kada a dogara da kwamfuta kaɗai. Shi kansa wannan laburare masu kutse sun durƙusar da shi a watan Oktoban 2023, aka daɗe ba a iya duba kayansa ta intanet. Hoto ƙari ne, takarda ita ce asali.

Abin da jami'a ba za ta iya ba shi ne buɗe ƙofar gida. Wannan sai masarauta. In Mai Martaba Sarkin Hadejia, Alhaji Adamu Abubakar Maje, ya yi magana, hakimai suka isar wa dagatai da bulamai, attajiri zai saurara ta yadda ba zai saurari malamin jami'a ba. Zai fi kyau ma a fara daga gidajen sarauta da na manyan malamai, su sa nasu a gaba, don kada talaka ya ga kamar asirinsa kaɗai ake son gani. Lokaci kuma ba ya gefenmu ta fuskar mutane. Marigayi Farfesa Haruna Wakili, ɗan wannan ƙasa da ya yi nazarin tarihinta, ya rasu a 2020. Dattawan da suka yi aiki a kan sikelin gyaɗa suna samari yanzu sun haura saba'in, kuma su ne kaɗai za su iya cewa wannan alama a gefen shafi ma'anarta kaza, wannan laƙabi na wane ne. Littafi ba mai fassara shi rabin littafi ne. Na yau kuwa sai addu'a: cinikin shinkafa da riɗi na miliyoyi ana ƙulla shi da saƙon murya a WhatsApp, a biya ta POS, rasiɗin ya goge cikin wata biyu, wayar ta faɗa ruwa.

Roƙona ga malamai da alƙalan da ke raba gado a ƙasar Hadejia shi ne su ƙara tambaya ɗaya bayan an gama lissafin dukiya: ina takardun mamaci, kuma a hannun wa za su zauna? A ambaci mutum ɗaya da suna a gaban shaidu. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan akwati a gidanku, kada ka jira jami'a ko gwamnati. Kafin damina ta kankama ka fito da shi, ka kakkaɓe takardun a inuwa, kada ka shanya su a rana, kada ka liƙa musu salatif, kada ka raba su. Ka ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, ka tura wa 'yan'uwa biyu a garuruwa daban. Sannan ka ɗora akwatin a wuri mai tsayi, ka nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a gidan ya karanta maka, kana naɗar muryarsa.